Iska ta kayar da falwaya: mu yi karo-karo ko mu jira kamfani?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Da farko ina jajanta wa duk wanda iskar farkon daminar nan ta taɓa, Allah ya mayar da mafificin alheri. Mu nan layinmu a Badariya, cikin Birnin Kebbi, dogon yaron bakin masallaci ne ya faɗo kan waya, ya ja falwayoyi suka biyo shi, ɗaya ma ta karye gida biyu. An fi mako ba wuta. Bohol ya tsaya, 'yan ga-ruwa sun ninka kuɗin kura. Dattawan layi sun kawo shawarar kowane gida ya ba da dubu biyar a sayi falwaya a kira masu aiki. Ni dai raina bai kwanta ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku. Mu yi karo-karon ko mu jira kamfani?

Hajiya Mai Ƙanƙara: Wa alaikumus salam. Haba Baban Khalifa, wane jira kuma? Kifin da aka kawo min daga Yawuri rabar da shi na yi kafin ya ɓaci. Zoɓo da kunun aya kuwa wa zai saye su da ɗumi a wannan zafin? Da sana'ar nan nake biyan kuɗin makarantar marayun da ke hannuna. A kawo takarda in rubuta sunana, yau ɗin nan zan ba da nawa.

Barista: Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri, asarar ba ƙarama ba ce. Amma ina roƙon dattawa su dakata. Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa ta sha nanatawa cewa sayen falwaya da waya da taransifoma ba nauyin mai shan wuta ba ne, nauyin kamfanin rarraba wuta ne, kuma kuɗin gyaran yana cikin abin da muke biya duk wata. Ranar da kuka kafa falwayar nan aka ɗora mata waya ta tashi daga taku. In ma dole sai jama'a sun sa kuɗinsu, ƙa'ida ita ce a zauna a rubuta yarjejeniyar yadda za a mayar musu, ko da ta hanyar zuba musu wuta a mita ne. Ku rubuta ƙorafi, a buga muku hatimi a kwafinku. In ba a kula ku ba akwai ofishin sauraron koke na hukumar.

Ɗan Takalau Mai Walda: Barista da girmanka, amma takarda ba ta tayar da injin walda. Ƙofofin mutane na jingine a shago, na karɓi kafin alƙalami, kullum sai an zo an yi min magana. Abin da ke ƙona min rai shi ne jiya na ga bidiyon Amurka, motocin gyaran wuta jere reras tun guguwa ba ta iso ba. Su da mahaukaciyar guguwa ke share gari sukutum, kwana biyu sun dawo da wuta. Mu iskar da ba ta kai awa guda ba ta jefa mu a duhu.

Abban Houston: Ƙanena, motocin da ka gani gaskiya ne, amma maganar kwana biyun ce ba haka take ba. Ina nan guguwar Beryl ta same mu a watan Yulin 2024. Mataki na ɗaya ce kacal a ma'aunin da ke da matakai biyar, amma gidaje da shaguna sama da miliyan biyu suka rasa wuta a yankin Houston, wasu unguwanni sun haura mako a tsakiyar zafi, kuma zafin ya kashe tsofaffi a cikin ɗakunansu.

Wannan ma mai sauƙi ce. Tsibirin Puerto Rico ƙarƙashin Amurka yake. Guguwar Maria ta faɗa masa ranar 20 ga Satumba 2017, ta kashe wutar tsibirin baki ɗaya, kuma sai da aka yi kusan wata 11 kafin a haɗa wa gidajen ƙarshe. Da farko gwamnati ta ce mutum 64 suka rasu. Da Jami'ar George Washington ta bi lissafin mace-macen watannin da suka biyo baya sai ta ƙiyasta 2,975, gwamnatin tsibirin kuma ta karɓi wannan adadi. Mafi yawansu ba ranar guguwar suka tafi ba. Masu wankin ƙoda ne, da masu numfashi da na'ura, da masu ciwon suga da maganinsu ya lalace, da waɗanda hanya ta toshe ba su kai asibiti ba. Ni abin da ya fi tsaya min a rai ke nan duk lokacin da na ji an ce gida ba wuta.

Ɗan Takalau Mai Walda: To Yaya, motocin fa? Su wa ke turo su?

Abban Houston: Kamfanonin wuta na jihohi daban-daban ne ke da yarjejeniyar taimakon juna. Da zarar masu hasashen yanayi sun nuna inda guguwa ta dosa, sai ma'aikata su taso daga nesa da motocinsu, a tara falwayoyi da taransifoma da waya a wani fili kusa, a jira iska ta lafa. Daga baya kamfanin da aka taimaka ya biya. Puerto Rico abin da ya cuce ta har da kasancewarta tsibiri, komai sai jirgin ruwa ya kawo, ga layukan dama sun tsufa, ga kamfanin wutarsu bashi ya yi masa katutu tun kafin guguwar.

Malamin Labarin Ƙasa: Ku ba ni dama in sa baki daga nan Jega. Irin waccan guguwar ba ta zuwa Kabi, domin a kan teku take samun ƙarfi, sai ɗumin ruwan ya haura digiri 26, kuma da ta hau tudu take fara raunana. Ba a kiran ta mahaukaciyar guguwa sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa, faɗinta kuwa ɗaruruwan kilomita ne, tana iya wuni tana dukan gari ɗaya, ta turo ruwan teku cikin gidaje.

Amma akwai dangantaka tsakaninta da tamu da nake son ɗalibaina su riƙa sani. Kun lura hadarinmu daga gabas yake tasowa? Duk damina akwai jerin iska da ke ratso yankin Sahel daga gabas zuwa yamma, kowane 'yan kwanaki wani ya wuce. Su ne ke tafe da irin hadarin da ke fara da jar ƙura da iska kafin ruwa ya sauka. In sun wuce mu, sun wuce Mali da Senegal, sai su faɗa Tekun Atlantika wajen tsibiran Cape Verde. Mafi yawa su watse, kaɗan su sami ruwa mai ɗumi su girma. Da yawa daga manyan guguwar da ke dukan Amurka da tsibiran Karebiyan daga nan suka samo asali, shi ya sa lokacinsu, Yuni zuwa Nuwamba, ya zo daidai da daminarmu. Mu ma nahiyarmu ba ta tsira ba ta ɓangaren Tekun Indiya. Guguwar Idai ta ragargaza birnin Beira na Mozambik a Maris 2019, mutum sama da dubu suka rasu a ƙasashe uku, kwalara kuma ta biyo baya saboda ruwan sha ya gurɓace.

Na Malam Gwandu: Jama'a mu riƙa tunawa iska rundunar Allah ce, ba mai tare ta. Mu yawaita istigfari da addu'ar da aka koyar idan iska ta taso.

Baba Injiniya: Gaskiya ne Malam, Allah shi sa mu dace. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ɗiyana, na yi aikin waya tun ina saurayi har ƙarfi ya ƙare, ku bari in hwaɗa muku abin da na sani.

Falwaya ba ta hwaɗuwa haka kawai. Ƙa'ida a bizne kusan kashi ɗaya cikin shida na tsawonta, a dandaƙe ƙasar ko a zuba kankare, in a kwana take ko ƙarshen layi a ɗaure ta da wayar da ke riƙe ta ga ƙasa. Yau sai ka ga an tona rami iya gwiwa an dasa. Ta kankaren ma akwai wadda rodin cikinta bai kai ya kawo ba, siminti kaɗan yashi da yawa. Ta itace kuma gara ta cinye gindinta tana tsaye ba wanda ya duba. Ga dogon yaro da munka shuka ƙarƙashin waya, ba mai sassabe rassansa cikin bazara, in anka zo sassabewa ma sai mai gida ya tada rigima don inuwa. Wanga shi ne tsorona ga karo-karonku. In kunka tara kuɗi za ku nemi mai arha, mai arha kuwa ita ce za ta sake hwaɗo muku baɗi, watakila kan yaro.

Sannan gyaran wuta tsari gare shi, a ko'ina cikin duniya. Kamar ban-ruwan shinkafa ne ga fadama, in babbar hanyar ruwa ta toshe, gyaran fangali ba shi kawo ruwa. Ana farawa da manyan layukan da ke ɗauko wuta daga tasha, sai tashoshin rage ƙarfi, sai layin asibiti da gidan ruwa, sai layin da ya fi yawan jama'a, gidaje ɗai-ɗai su ne ƙarshe. Ko kun tada falwayarku, in layi mai ƙarfin volt 11,000 da ke ba taransifomarku yana kwance wani wuri, duhun na nan.

Baban Khalifa: Baba Allah ya ƙara lafiya. Ke nan sai mun fara gano ko matsalar ta layinmu ce kaɗai.

Baba Injiniya: Shi ke nan. Ku aiko min hoton gindin wadda ta karye in ga rodin. Kuma ku san babbar damuwarmu ta wuce Badariya. Wutar Kabi daga Kainji take zuwa bisa layi guda mai ƙarfin volt 330,000 har tashar Birnin Kebbi, daga nan a ba Sakkwato, a kuma tura Yamai. Kun ga yadda munka kwana lokacin da tashar nan ta yi gobara a Satumbar 2023. Birnin New Orleans na Amurka manyan layuka takwas ke shigar mai da wuta, guguwar Ida ta 2021 ta katse su duka takwas. Masu takwas ke nan, bale mai guda. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, hanya ta biyu ta shigowar wuta ya kamata ku tambaye shi, kafin ku tambaye shi taransifoma.

Maman Nana: Ni ma'aikaciyar jinya ce, maganar Abban Houston ce ta sa na kasa shiru. Bayan iska ne muke ganin marasa lafiya. Don Allah kada wanda ya kunna janareta a zaure ko a baranda ko ƙarƙashin taga saboda tsoron ɓarayi ko ruwa. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri take fara sa wa mutum, ya kwanta barci shi ke nan. A jihar Luwiziyana ta Amurka bayan guguwar Laura a 2020 da Ida a 2021 an rasa rayuka ta wannan hanyar, mu ma nan ƙasar an sha wayar gari a tarar da iyali guda sun tafi. A ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga kamar mita shida.

Masu allurar insulin, in firij ya mutu a ƙulle ta a leda a sa cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa, kada a bar ta a ɗaki mai kwano da zafin nan da ke haura digiri 40. Wanda tsohon kwano ko ƙusa ya yanka ya zo a duba shi a yi masa allurar tetanas. Ruwan da ba ku san inda aka ɗebo shi ba a tafasa. Amai da gudawa daga irin wannan lokacin yake farawa.

Baba Injiniya: Ɗiyata kin tuna min. Mai janareta da bai da canji-oba, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta layi, ya soka waya kai tsaye ga soket, wutarsa fita take ta bi layi. Taransifoma kuwa gaba da baya take aiki, sai ta ɗaga 'yar wutar nan ta koma dubbai. Ma'aikacin da ke bisa falwaya yana ganin layi a mace yake. Na san abokan aikin da sunka tafi haka. Wayar da ke kwance ƙasa kuma ku ɗauka da wuta ko an ce babu, ku hana yara da dabbobi matsawa.

Manomi Daga Augie: Ina ta karatu tun ɗazu. Ku mutanen birni kuna maganar mako guda. Mu ga ƙauyenmu tun iskar bara falwayoyi ke kwance bakin hanya. Wata na farko munka jira, wata na biyu ɓarayi sunka naɗe wayar, daga baya sunka kwance taransifoma sunka zare tagullar ciki. Yanzu ko an tada falwaya ba abin ɗorawa. Injin niƙa da na casar shinkafa duk sun koma man dizal. Ambaliyar 2020 ta ci muna shinkafa, munka tashi da ƙyar, ga wanga kuma. Shawarata gare ku guda ce, tun daren yau ku sa masu gadin wayar nan da taransifoma. Layin da ba wuta shi ɓarawo ke so.

Abban Houston: Wallahi Baba abin da ka faɗa haka ya faru a Puerto Rico, ƙauyukan kan duwatsu su ne na ƙarshe. Amma a wani gari na cikin duwatsun, Adjuntas, akwai wata ƙungiyar al'umma mai suna Casa Pueblo da ta daɗe da sa sola a gininta. Da komai ya mutu, can mutane suka riƙa zuwa cajin waya da kunna na'urorin marasa lafiya. Shi ya sa nake ganin in har za a tara kuɗin nan, me zai hana a mayar da bohol ɗin layi na sola, a ƙara da wurin caji da ɗan firij na magani a harabar masallaci? Wannan naku ne har abada, ba wanda zai ce nasa ne. Falwaya kuma a matsa wa mai ita ya gyara. Ni zan sa hannu daidai ƙarfina.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Allah ya saka da alheri, ruwa kam ana buƙata. Amma ni solar bohol ba za ta daskarar min da ƙanƙara ba. Ku masu albashi kuna iya jiran amsar takarda, mu da sai mun fita muke ci fa?

Ɗan Takalau Mai Walda: Hajiya ta faɗi tawa. Ƙaramar sola ba ta ɗaukar walda.

Barista: Na ji ku, kuma ba na raina wannan. Amma ku duba abin da muke koya wa kamfani. Duk shekara iska ta kayar, mu tara mu gyara, wata ya ƙare a kawo mana takardar kuɗi har da kwanakin duhu ga marasa mita. To me zai sa a ajiye falwayar ko-ta-kwana a sito? Unguwar masu hali ta gyara cikin kwana uku, unguwar talakawa da ƙauye irin na Baba su shekara. Karo-karon nan shi ke raba mu. In an ƙi ji sai an tara, to kada a miƙa wa kowa kuɗi a hannu ba rasit, kada a kira ɗan kwangilar bayan fage ya hau layi, kuma a sa hannu a yarjejeniya tukuna.

Kafinta Bayan Kara: Ana ta wuta an manta da waɗanda ba su da rufi. A bayan layinmu akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, kwanon ɗakunanta biyu ya tashi gaba ɗaya da katakon, ita da yara suna kwana gidan maƙwabta, ga hadari kullum yana haɗuwa. Yawancin rufin da na duba ba kwanon ne ya gaza ba, katakon ne ba a ɗaure shi da gini ba, an aza shi kawai an bi da bulo ɗaya. A ɗaure da langa-langa ko rodi tun daga lintal, a ƙara ƙusa mai hula a gefe-gefe da kusurwa domin nan iska ke fara kamawa, a yi wa gini rawani in da hali. Masu sa sola su ma su kula, na ga allon da ya tashi da kwanon da aka ɗaure shi a kai. Ni na ɗauki aikin ɗakin matar nan kyauta in za a sami kwano da katako.

Maman Nana: Na ɗauki bandir ɗaya. A kuma rubuta sunanta cikin waɗanda za a kai wa hukumar agajin gaggawa ta jiha, da hotuna.

Na Malam Gwandu: Allah ya saka muku. Zan yi wa liman magana a sanar bayan sallar Juma'a.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Katako biyar daga gare ni. Amma maganar falwaya ban janye ba, Barista. In mako ya zagayo takardarka ba ta yi aiki ba, ni da masu shaguna za mu tara namu.

Barista: Na yarda da wa'adin, Hajiya, da sharaɗin in kun tashi tarawa ni zan rubuta yarjejeniyar. Baban Khalifa, gobe da safe a turo min lambobin mita ko na takardar biya na gidajen layin, da hotunan falwayoyin, da ranar da abin ya faru. Mai unguwa ya sa hannu a sama. Mu tafi da mutum biyar, har da Hajiya da Ɗan Takalau, su faɗi asararsu da bakinsu.

Ɗan Takalau Mai Walda: Zan je. Gadin taransifoma kuma ni da yaran shagona mun ɗauki daren yau, wasu su karɓa gobe.

Manomi Daga Augie: Barista, mu da wayarmu ta riga ta tafi, takarda na iya yi muna wani abu?

Barista: Tana iyawa Baba, sai dai taku ta fi tsawo domin akwai sata a ciki. Ku fara kai rahoto wurin 'yan sanda ku karɓi shaida a rubuce, hakimi ko mai gari ya rubuta wasiƙa, a haɗa da tsofaffin rasit na biyan wuta in akwai mai su. Ka kira ni bayan la'asar in faɗa maka yadda za a tsara ta, kuma a yi kwafi ɗaya na shugaban ƙaramar hukuma.